Ba laushin fatar bakin sanda ke murza ƙwallo ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da masu buga sunuka da pul a kan wani abu da bai fi maɓallin riga girma ba, amma duk wasan a kansa yake rataye, wato 'yar fatar nan da ake mannawa a bakin sanda, wadda 'yan wasa ke kira tif. Sanda tana da tsawon kusan santimita 145, amma babu inda take taɓa ƙwallo sai ta nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta zama karatu a bakin 'yan wasa, gwani ya faɗa wa ɗan koyo, ɗan koyo ya faɗa wa na bayansa: wai fata mai laushi ita ke murza ƙwallo, mai tauri kuwa ƙarfi kawai take bayarwa. Maganar nan ta sa mutane da yawa suna ɓamɓare fata lafiyayya su manna wadda ba ta dace da su ba, bayan mako biyu su sake ɓamɓarewa, har hannunsu ya rasa abin da zai saba da shi. Abin yana damuna, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara da abin da ke faruwa a daidai lokacin bugu. Fata da farar ƙwallo, wato wadda ake bugawa da sanda, ba sa daɗewa a haɗe. Kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne, mai laushi sosai kuma ta kusa kashi biyu, sai ƙwallo ta kama gabanta. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba, don haka babu wani abu da hannu zai iya gyarawa a cikin wannan ɗan lokaci. David Alciatore, masanin injiniya, tsohon malami a Jami'ar Jihar Colorado a Amurka, ya daɗe yana nazarin wannan bugu da kyamara mai saurin ɗauka, kuma abin da ya fito fili shi ne: yawan juyin da ƙwallo ke yi ya dogara ne a kan wurin da aka buge ta da kuma saurin sanda. Ka buge ta a tsakiya, ba za ta juya ba ko da wace irin fata ce. Ka sauka ƙasa da tsakiya, ta juya baya, bugun da ake kira ja-baya ke nan. Ka ƙara sauka, juyin ya ƙaru. Amma akwai iyaka, kuma iyakar tana wajen rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwallo da gefenta. Ƙwallon sunuka faɗinta milimita 52.5 ne, ke nan iyakar tana wajen milimita 13 daga tsakiya. Ta pul irin na Amurka milimita 57.15 ce, iyakarta wajen milimita 14. Wanda ya wuce nan sandarsa za ta zame, ko da laushin fatarsa ya kai na auduga.

Abin da ke riƙe ƙwallo har a kai wannan iyaka shi ne alli. Allin sunuka ba irin na rubutu a allo ba ne. Gari ne mai kaushi, irin haɗin da William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897, kuma aikinsa shi ne ƙwayoyinsa su nutse cikin fata ta ɓangare ɗaya, su ciji santsin ƙwallo ta ɗaya ɓangaren. Fata gado ce kawai da alli ke kwanciya a kai. In gadon yana da kaushin da zai riƙe alli, to mai tauri da mai laushi duk za su kai ka iyaka ɗaya.

To daga ina maganar ta samo asali? Tana da tushe. Fata mai laushi tana karɓar alli cikin sauƙi, ko mutum ya shafa shi da ganganci za ta ɗauka. Mai tauri kuwa in an bar ta babu kulawa samanta yakan daddale ya yi ƙyalli kamar bayan cokali, alli ya ƙi zama, sanda ta riƙa zamewa. Wanda sandarsa ta zame sau biyu a gaban mutane tsoro zai kama shi, ya daina sauka ƙasa sosai, ja-bayansa ya mutu. Ranar da aka sa masa mai laushi sai zuciyarsa ta kwanta, ya sauka inda ya kamata tun farko, ƙwallo ta dawo masa da gudu, shi kuma ya yi rantsuwa cewa fata ce ta yi aikin. Wurin bugu ne ya sauya, bai lura ba.

Duk da haka tauri yana da tasirinsa, kuma shi ya kamata a duba wajen zaɓe. Na farko ƙarfi. Fata mai laushi takan lotsa ta shanye wani ɓangare na ƙarfin bugu, mai tauri kuwa abin da take shanyewa bai kai haka ba. A bugun yau da kullum bambancin kaɗan ne, sai a bugu mai ƙarfi yake fitowa sosai. Na biyu abin da hannu da kunne ke ji. Mai laushi takan ce "tub", a hannu kamar ƙwallo ta ɗan zauna kafin ta tashi. Mai tauri takan ce "tak", kuma duk kuskuren bugu sai ta kai wa tafin hannu rahoto. Kada a raina wannan, domin da shi ɗan wasa ke auna ƙarfin bugunsa, kuma sunuka rabinta auna ƙarfi ne. Na uku shi ne wanda aka fi mantawa alhali ya fi sauran nauyi: wahalar kulawa da tsawon rai. Mai laushi tana baje wa, gefenta ya kumbura ya zarce zoben da ke ƙarƙashinta, samanta ya kwanta ya rasa tudunsa, sai an yi ta datsewa ana gyara siffa, kowane gyara kuma cin fata ne. Mai tauri tana riƙe siffarta wata da watanni, abin da take nema kawai a riƙa farfaɗo da kaushin samanta. Saboda haka kafin mutum ya tambayi wace fata ce ta fi kyau, ya fara tambayar kansa wane irin gyara zai iya jurewa.

Akwai kuma abin da masu sayen mai laushi ba su cika sani ba: ba ta zama da laushinta. Kowane bugu matsa ta yake yi. Fatar da aka manna yau tana lotsawa kamar soso, bayan 'yan makonni na wasa sosai ta zama matsakaiciya, in ta tsufa ta siranta kuma ta koma kusa da mai tauri. Ke nan wanda ya zaɓi mai laushi ya zaɓi abin da halinsa ke sauyawa a hankali a ƙarƙashin hannunsa. Wasu suna son haka, suna cewa akwai lokacin da fata ke nuna, kuma a nan take fi daɗi. Gaskiya ne. Amma wanda ke son abin da ya ji jiya ya ji shi yau, ya nufi matsakaiciya ko mai ɗan tauri, domin an riga an matse ta tun daga masana'anta.

Yanzu ga batun rubutun da ke jikin kwali, kuma a nan ne ake yawan rikicewa. Babu wani ma'auni guda da duk kamfanoni suka yarda da shi. Kamui na Japan yana rubuta SS, S, M da H, daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Moori, shi ma na Japan, yana rubuta S, M da Q. Century, wanda 'yan sunuka suka sani, yana farawa daga G1 yana hawa sama. Matsakaiciyar wani kamfani tana iya zama mai taurin wani. Akwai na'urar auna tauri mai allura da ake dannawa a kan fata ta ba da lamba, amma ita ma tana da ma'auni fiye da ɗaya, Shore A daban Shore D daban, kuma lambar takan sauya gwargwadon kaurin fatar da wurin da aka danna. Don haka lamba 75 a jadawalin wani ba ita ce 75 a na wani ba. Harafi da lamba suna da amfani ne kawai in ana kwatanta fatu biyu na kamfani ɗaya.

Fatun kansu kashi biyu ne. Akwai ta falle ɗaya, wadda aka yanko daga fatar saniya ko ɓauna aka matse. Elk Master ta kamfanin Tweeten na Chicago ita ce sananniya a cikin masu laushi, kuma ta daɗe tana mulki a teburin sunuka. Triangle da Le Pro, su ma na wannan kamfani, sun fi ta tauri. Aibin ta falle ɗaya shi ne rashin daidaito. Fata halitta ce, ta wuya daban ta ciki daban, don haka a kwali ɗaya mai guda 50 za a sami mai kyau, a sami mai ruɓushi da za ta tarwatse tun wajen gyaran siffa. Sai kuma mai hawa-hawa, wadda ake jera siraran falle, wasu shida wasu goma ko fiye, a manne su da gam a matse. Yawancin irin wannan da fatar alade ake yin su, wanda ba ya son haka sai ya tambaya kafin ya saya. Mai hawa-hawa ta fi daidaito kuma ba ta cika bajewa ba, amma tana da nata ciwon: in an ci ta har aka iso layin gam, sai a ga wani zobe mai ƙyalli a samanta wanda alli ba ya kamawa, in kuma an tsattsage ta da tsinke falle ɗaya yana iya ɗagowa.

Kafin a manna ta falle ɗaya, a gwada ta. A danna farce a gefenta: in ya nutse sosai kuma zaren fatar ya buɗe, a ajiye ta gefe. A sake ta daga tsayin tafin hannu a kan gilashi ko wani abu mai tauri a saurara. Ƙara mai kaifi alamar fata ce matsattsiya, ƙara mai dushi-dushi alamar sako-sako ce. A duba bayanta, in akwai tsaga ko rami ba ta da amfani. Wasu masu gyaran sanda sukan sa mai laushi a matsi na 'yan sa'o'i kafin su manna ta, domin ta yi lotsawar da za ta yi tun ba ta hau sanda ba. Dabara ce mai kyau, tana rage kwanakin da ake ɓatawa ana jiran sabuwar fata ta zauna.

Sai kuma irin wasan da mutum ke bugawa, domin sunuka da pul ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Ƙwallon sunuka nauyinta kusan giram 140, bakin sanda kuma tsakanin milimita 9 da 10, yawanci 9.5, da zoben tagulla a ƙarƙashin fata. Tebur ƙafa 12 ne, ramuka ƙanana masu zagayayyen baki, kuma mafi yawan bugu na lallaɓawa ne, a tura fara taku ɗaya ko biyu ta tsaya inda ake so a kusa da baƙar ƙwallo. Zoben tagulla da itacen sandar sunuka sun riga sun sa bugu ya yi kaifi a hannu, shi ya sa 'yan sunuka da yawa suka fi son fata mai ɗan laushi ko matsakaiciya ta sassauta shi. A ganina ɗan sunuka ya fara da matsakaiciya. Mai laushi ƙwarai a kan baki mai milimita 9.5 ba ta da faɗin da zai tallafe ta, nan da nan take yin leɓe. Mai tauri ƙwarai kuma tana sa ɗan koyo ya kasa auna ƙaramin bugu, fara ta riƙa wuce masa wuri.

Pul irin na Ingila, mai ƙwallaye ja da rawaya, fararsa ƙarama ce, milimita 47.6, sauran ƙwallaye 50.8, bakin sanda kuma wajen milimita 8 zuwa 9. Abin da aka faɗa a kan sunuka ya hau kansa, sai dai a ƙara kula da bajewa tunda bakin ya fi siranta.

Pul irin na Amurka kuwa ƙwallonsa ta fi nauyi, giram 156 zuwa 170, bakin sanda tsakanin milimita 12 da 13. A nan fata tana shan duka sosai, kuma ana yawan bugun gefe domin fara ta zagaya bangon tebur biyu ko uku. Matsakaiciya ko mai ɗan tauri, musamman mai hawa-hawa, ita ta fi jure wannan aiki. Kuma a nan ne bugun farko na watsa ƙwallaye yake da muhimmanci. Wanda ke watsa ƙwallaye da sandar da yake wasa da ita, in fatarsa mai laushi ce, da hannunsa yake kashe ta: bugu goma masu ƙarfi sun isa su kwantar da tudun da aka ɓata lokaci ana gyarawa. Shi ya sa ake ware sanda daban domin wannan bugu, a sa mata fata mafi tauri, ko kuma wani abu mai kama da roba mai ƙarfi da ake kira fenolik, dangin abin da ake yin ƙwallayen da shi. Fenolik yana miƙa ƙarfi fiye da kowace fata, amma ba ya riƙe alli da kyau, don haka sai an bugi fara kusa da tsakiyarta, kuma yana iya barin tabo a jikinta. Wasu gasanni ba su yarda da shi ba, wanda zai shiga gasa ya duba dokarta tukuna. Ba a wasan yau da kullum da shi, kuma ba shi da wuri a teburin sunuka.

Wani abu da ake ɗora wa tauri alhali ba laifinsa ba ne shi ne kaucewar fara. In an bugi gefen dama, fara takan ɗan kauce hagu daga layin da aka saita. Wannan ya dogara ne a kan nauyin 'yan santimitocin ƙarshe na sanda, itacen da zoben, ba a kan laushin fata ba. Wanda wannan ke damunsa, sauya fata ba zai yi masa magani ba.

Tsayin fata ma yana sauya yadda ake jin taurinta, kuma mutane kaɗan ne ke lura. Fata ɗaya, in an bar ta doguwa za ta yi kamar katifa, in an rage ta za ta yi kaifi, domin ƙwallo ta matso kusa da zobe. Masu hawa-hawa sukan zo da tsayi sosai, kuma ba dole ne a bar su haka ba. A sandar sunuka, gefen fata mai milimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin tudu ya isa. Wanda ya manna sabuwa ya ji ta yi masa laushi da yawa, ya fara rage tsayinta kafin ya yanke hukuncin cire ta. In gefen ya siranta ya koma kusan milimita 1, lokacin sauyawa ya yi, ko da samanta yana da kyau, domin daga nan zoben ne zai fara shan dukan, yana iya fashewa ko ya karce ƙwallo, a bugun ja-baya kuma ya yagi ƙyallen tebur.

Malam Edita, bari in ɗan tsaya a kan mannawa, domin rabin ƙorafin da ake yi a kan fata daga nan yake. A yanke tsohuwar da reza mai kaifi daf da zobe. A kankare tsohon gam har fuskar zoben da itacen da ke tsakiyarsa su fito fes, kuma su kwanta daidai, ba tudu ba gangara. Wannan shi ne wurin da ake yawan kuskure: in an goga da sanfefa a hannu, gefuna sukan ci fiye da tsakiya, fuskar ta yi ɗan tudu, fata ta zauna a tsakiya kawai gefenta yana lilo. A zaɓi fatar da ta fi zoben faɗi kaɗan, milimita 10 ga zobe mai 9.5, milimita 14 ga mai 13. A shimfiɗa sanfefa mai lamba 220 ko kusa da haka a kan abu mai shafaffiyar fuska, a goga bayan fatar a kai har santsinsa ya tafi, a hure ƙurar. A yi amfani da sufa gulu mai kauri, ba mai ruwa-ruwa ba, domin mai ruwa yana tsuma cikin fata ya daskarar da ƙasanta, mai laushi ta koma rabi dutse. Ɗigo ɗaya ya isa. A daidaita ta a tsakiya, a danna da babban yatsa na minti guda, a bar ta aƙalla minti 15, in da hali a bar ta ta kwana. Fuskar da gam ke riƙewa a sandar sunuka kusan rabin ta sandar pul ce, don haka ƙaramin sakaci a nan ya fi saurin nunawa.

In ta kama, a naɗe zoben da tef domin kada a karce shi, a kifa sandar fata tana ƙasa a kan katako, a riƙa saukar da reza a jikin zoben ana yanke abin da ya zarce kaɗan-kaɗan ana juya sanda. Kada a nemi gamawa da yanka biyu. Daga nan a fitar da tudu da sanfefa, ana ja daga tsakiya zuwa gefe, kullum ƙasa ake ja, ba a komowa sama, domin jan sama yana tayar da zaren fata, a mai hawa-hawa kuma yana ɓare falle. Tudun ya zama zagayayye kamar bayan ƙwarya. 'Yan pul na Amurka suna auna shi da lanƙwasar ƙananan tsabar kuɗinsu guda biyu, wanda ya kama wajen milimita 9 zuwa 10.5 daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta. In saman ya kwanta shafal, duk bugun da ba na tsakiya ba da kaifin gefe za a yi shi, sai zamewa. In ya yi tsini da yawa, ƙaramin karkacewar hannu zai sa wa fara juyin da ba a nema ba. A ƙarshe a ɗan jiƙa yatsa a shafa gefen fatar kawai, ban da samanta, a murza da wata guntuwar fata ko takarda mai kauri har gefen ya yi duhu ya yi ƙyalli. Wannan dalayen gefe shi ne katangar da ke hana bajewa, kuma mai laushi ta fi kowa buƙatarsa.

Sabuwar fata ba a yi mata hukunci a ranar farko. A ba ta kamar sa'o'i goma na wasa, a datse leɓen farko in ya fito, a sake dalaye gefe, sannan a gwada ta. A bugi fara daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan ta dawo, sau goma, a ga ko tana tsayawa a yanki ɗaya. A ajiye ƙwallo a tazarar santimita 30 a yi ja-baya, a ƙara zuwa 60, a ƙara zuwa mita ɗaya. Sannan ga gwajin da ke raba gardama: a ɗauki ƙwallon pul mai ratsi a maimakon fara, a goge ta tas, a kwantar da ratsin a kwance, a shafa alli sosai a buga ja-baya, sai a ɗauko ta a duba inda tabon alli ya fito. Mutane da yawa za su tarar tabon yana daf da tsakiya alhali sun yi imani ƙasa suka buga, domin suna saita ƙasa amma hannu yana ɗagowa a lokacin bugu. Wanda ya ga haka ya bar fatarsa ta huta, ya koma gyaran hannu. Kuma in za a sauya, a sauya abu ɗaya: mataki ɗaya na tauri, a kamfani ɗaya, da alli iri ɗaya. Wanda ya sauya fata da alli da siffa a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Sauran cututtukan suna da sauƙin ganewa in an san alamarsu. Ƙara mai kama da fashewa, "kas", a kowane bugu, ba tauri ba ne: ko fata ta saki ta gefe ɗaya, ko zoben ya yi sako-sako, a tura ta da yatsa ta kowane ɓangare a gani. Zamewa a kai a kai da fata mai ƙyalli, a ɗan danna mata sanfefa mai kaushi ana jujjuyawa, ba gogewa ba, domin buɗe saman ake so ba rage shi ba. Ta falle ɗaya tana jure ɗan tsattsagewa, mai hawa-hawa ba ta jurewa. Zamewa da fata lafiyayya kuma, a duba allin. In ya yi rami mai zurfi, gefen zobe yake shafawa ya bar wurin da ake buƙata. Alli shafa shi ake yi a hankali daga tsakiya zuwa gefe ana kallon fatar, ba a murza sanda a cikinsa kamar ana haƙa rijiya, kuma gefen tudun shi ya fi buƙata tunda da shi ake bugun ja-baya da na gefe. Danshi yana kumbura fata ya sa ta ruɓushi, zafi mai yawa yana busar da ita ya raunana gam, don haka sanda ba ta kwana a mota ko a jingine da bango mai sanyi.

Ina kuma roƙon masu ɗakunan wasa. Sandunan da kowa ke ɗauka ba su da mai kula da su, kuma da su ake watsa ƙwallaye, da su ake komai. Mai laushi ba ta kwana biyu a kansu. A sa musu ta falle ɗaya mai ɗan tauri irin su Triangle ko Le Pro, a manna ta da gam yadda aka bayyana, a guji irin waɗanda ake ɗaurawa da noti ko a zura kamar hula, domin ba sa zama daram kuma suna ɓata wa ɗan koyo hannu. Sau ɗaya a mako wani ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya da sanfefa da reza, ya datse leɓe, ya farfaɗo da kaushi, ya ware duk wadda gefenta ya kai milimita 1, ya kuma zubar da allin da ya yi rami. Aikin bai fi na rabin sa'a ba, kuma ƙyallen tebur ɗaya da ya tsira daga yagewa ya biya wahalar.

Na gode da wannan fili da kuka ba ni.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, ma'abocin gyaran sandunan sunuka